Man Giyar Motar Dobrilo

Dobrilo ya kai motarsa garejin Gradimir ranar Laraba da hantsi, ya ce a canja mata man giya.

Gradimir ya fito daga ƙarƙashin wata motar yana goge hannu da tsumma. Dobrilo ne ya riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, shi ya raɗa masa suna. A garin Cacak ba a barin irin wannan mutum ya bi layi. Gradimir ya ture aikin da ke gabansa.

"Baba, da kanka? Ai da ka kira ni na zo na ɗauka."

"Gurgu aka ce maka na zama?"

"Ni ban ce ba. Me take yi?"

"Fizga. In na zo tsayawa sai ta ƙame, ta jefa ni kan sitiyari. Giyar ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

Dobrilo ya zaro kwalba daga aljihun kwat, barasar da yake dafawa da kansa, ya dire ta kan benci. Bai taɓa kawo kwalba don canjin mai ba. Gradimir ya dubi kwalbar.

Motar ba zaɓin Dobrilo ba ce. 'Yarsa Slavitsa ce ta kawo masa ita daga Linz, can ƙasar waje, inda take aikin jinya, bayan rasuwar uwarta. Ta ce gwiwarsa ta gaji da kuloci, ga wadda ke sa wa kanta giya. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tirela, sai ya sa mata suna motar ragwaye. Amma ya koye ta. Ya riƙa naɗe ƙafar hagu can ƙarƙashin kujera, ya bar ta dama ita kaɗai tana aiki. Motar ragwayen ce ke kai shi ƙauye duk Asabar, ya kunna kyandir a kabarin matarsa Stana, ya zaga itatuwansa. Bas ta daina hawa can tun da aka rufe makarantar ƙauyen.

Makon jiya, a gaban kasuwa, motar ta ƙame a tsakiyar titi. Bas ɗin da ke binsa ta ci birki, wata mata ta faɗi a ciki, goshinta ya fashe. Kafin ya isa gida wata maƙwabciya ta riga ta buga wa Slavitsa waya. Ranar Juma'a Slavitsa za ta zo. Ta ce Gradimir za ta tambaya. In laifin mota ne, a gyara. In ba nata ba ne, da mukullin za ta koma.

"Ta kira ka?" in ji Dobrilo.

"Ta kira."

"To yi aikinka."

Gradimir ya hau da motar kan rami, ya sauka ƙasa da fitila. Ya kwance noti, mai ya zubo cikin kwano, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Dobrilo ya dafa gwiwa ya leƙa. Tun safe sai yanzu fuskarsa ta ɗan saki.

"Ka gani?"

"Ya tsufa kam," in ji Gradimir daga cikin rami. "Masu ƙera ta cewa suke man nan na har abada ne, ba a canja shi. Har abadarsu ba ta da nisa."

"Mutumin da bai taɓa kwana ƙarƙashin mota ba shi zai faɗi haka."

Gradimir ya cire kaskon ƙasa, ya duba maganaɗisun da ke manne a ciki. Ɗan baƙin gari ne kawai, kamar kwalli, babu ɓarɓashin ƙarfe ko ɗaya. Ya shafa a yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge a wando. Ya sa sabuwar matatar mai, ya ɗura sabon mai, ya tada mota ya bar ta ta ɗau zafi, ya ƙara har ya fara ɗigowa, ya toshe. Daga nan ya jona mata kwamfuta ta ƙarƙashin sitiyari.

"Wannan kuma fa?"

"Sun fito da sabuwar manhaja ta giyar. Zan sabunta mata. Kar ka taɓa komai, in ta katse a tsakiya mun shiga uku."

Suka zauna a kan tsofaffin tayoyi da kofi a ƙananan kofuna. Dobrilo ya miƙe ƙafafu, gwiwoyin suka yi ƙara.

"A zamanina giya ba ta da ƙwaƙwalwa. Direba ke da ita."

"Yanzu an raba, Baba. Rabi nata, rabi naka."

"Naka rabin ina ka bar shi?"

"Wajen matata yake, ita ke ajiya."

Dobrilo bai yi dariya ba. Ya kurɓi kofi, idonsa a kan allon kwamfuta, inda wani layi ke rarrafe kamar ba zai kai ba. Ya gaji. Tun ranar kasuwa barcinsa bai cika ba, kullum goshin matar nan yake gani.

Da aka gama Gradimir ya zare waya, ya ce sai an fita da ita. Sabuwar manhaja ta share duk abin da giyar ta saba da shi, sai ta sake koyon tafiya a kan hanya. Shi ya fara ja. Suka bi titin bakin kogi, ya taka, ya sassauta, ya tsaya, ya sake tashi. Giya na shiga giya ba ka ko ji. Duk tsayuwa sai motar ta zauna a hankali.

"Shi ke nan," in ji Dobrilo. "Mai ne. Mu koma."

Gradimir ya gangara gefe, ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagayo.

"Ƙafarka za ta koya, Baba, ba tawa ba. Matsa."

Dobrilo ya dube shi ta taga. Sannan ya fito, ya zaga, ya zauna bayan sitiyari. Ya naɗe ƙafar hagu ƙarƙashin kujera, ya tura ta can ciki sosai.

Hannunsa na nan yadda yake. Ya ɗauki kwana ba gargada, ya wuce mai keke da tazara, har ya fara jin daɗin sabon man. Sai ga tarakta a gaba tana jan itace, ta rage gudu za ta shiga gona. Dobrilo ya ɗaga ƙafar dama daga totur kamar yadda ya kamata. Ta hagu kuwa ta fito da kanta. Kuloci ta je nema, inda ta saba samunsa tun yana saurayi, ta tarar da faffaɗan birki, ta danne shi har ƙasa.

Tayoyi suka yi kuka. Gradimir ya tare gaban mota da tafin hannu, bel ɗin kujera ya shaƙe Dobrilo a ƙirji.

"Ka ga, har yanzu tana..."

Bai ƙarasa ba. Gradimir ba hanya yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Dobrilo ma ya duba. Takalmin hagu na nan a kan birki.

Ya sani. Tun kaka ya sani, yadda mutum ke sanin haƙorin da zai fita, ya riƙa tauna ta ɗaya gefen.

Ya janye ƙafar da hannu. Ya kai motar gefen hanya ya kashe. Tarakta ta shige gona, mai ita bai ko waiwayo ba. Injin na ƙas-ƙas yana hucewa.

"Man baƙi ne," in ji Dobrilo. "Da idonka ka gani."

"Baƙi ne."

"Ka sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa."

"Na sa."

"To faɗa wa Slavitsa haka. Babu ƙarya a ciki."

"Ba wannan za ta tambaya ba, Baba."

"Zan ɗaure ƙafar. Da igiya, a jikin kujera."

"Ran da ka manta igiyar fa?"

Dobrilo ya dubi hanya. Daga nan ana hango tudun da ƙauyen yake bayansa.

"Ni zan riƙa kai ka," in ji Gradimir. "Duk Asabar."

"Asabar ce ranar cinikinka. Za ka kai ni, ka sake kai ni, daga nan sai ka ce Baba yau aiki ya yi yawa. Ba zan ga laifinka ba. Ciyawa za ta rufe kabarin Stana, shi ke nan."

Gradimir ya murza tafin hannunsa, inda ya bugu. 

"Ban taɓa kashe ko kare a hanya ba," in ji Dobrilo. "Daga nan har bakin teku, cikin ƙanƙara, da kaya har sama. Tambayi kowa."

"Kowa ya sani."

"Kuma ban taɓa roƙonka komai ba." Dobrilo ya juyo wajensa. "Yau na roƙa. Ka ce mata mota ce."

Gradimir ya ɗago, ya dube shi ido cikin ido.

"A'a, Baba. Ba zan ce mata mota ce ba."