Danja ta Uku

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa motar raba kaya ta wani kamfanin magunguna, kuma inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba. Wannan maganar na ji ta har ta fita daga raina. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, shi kuwa ya ɗauki sunan lambar yabo. In an tsokane shi sai ya ce ai ba ta hana zuwa. Ragowar karin maganar, wato sai dai a daɗe ba a je ba, mu muka san ta, mu da muke zama a motarsa.

Da ya ajiye aiki ya sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu, ruwan toka, mai giyar hannu, ya ci gaba da lallaɓa ta kamar ƙwai. Ba ya tayar da ita ya fizga, sai ya ba ta minti guda mai ya zagaya. Ba ya barin ƙafarsa a ɗore a kan kuloci. Birki kuwa abokin gabarsa ne. "Duk birkin da kika taka," in ji shi, "man da kika riga kika ƙona ne kika zubar a titi." Shi ya koya mini tuƙi har na samu lasin, amma daga ranar bai ƙara ba ni makulli ba. Wai ƙafata kamar taɓarya take a kan totur. Ni ma da zuciyata, na ce ya riƙe motarsa, na koma bin bas.

Shekara biyu ke nan Mama tana zuwa wankin ƙoda, Talata da Alhamis da Asabar, kuma Baba ne yake kai ta. Ni ina aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal, tsaye daga safe har yamma cikin tururi, in dawo ƙafafuna a kumbure. Yayana yana wani gari mai nisa, nasa taimakon shawara ce ta waya, kuma yana da ita buhu-buhu. Gaskiyar magana duk gidan mun gaji. Mama ta gaji da allura, ni na gaji da tsayuwa, Baba kuwa ba ya faɗin tasa gajiyar, sai dai ka ga ya daɗe a zaune kafin ya cire takalmi.

Wata Alhamis Mama ta tashi ba ƙarfi, ko tsayuwa ba ta iya yi sai an riƙe ta. Na roƙi wata abokiyar aikina ta tsaya mini, na ce yau da ni za a je. Na ga Baba da Mama sun kalli juna, amma ban kawo komai a raina ba.

Ina fitowa da bargo na tarar da Baba ya buɗe bonet. Ya zaro sandar auna baƙin mai, bai ko dube ta ba, ya bi ta da babban yatsa daga ƙasa zuwa sama, ya murza man, ya sunsuna. Na ce a raina, iyayi. Na kwantar da Mama a kujerar baya, na sa mata matashi, ni na shiga gaba.

"Bari in dawo gaban," in ji Mama. "Na saba da nan."

"Haba Mama, ko zama ba kya iyawa. Kwanta kawai."

Ba mu fita daga layinmu ba barci ya ɗauke ta.

Tsakanin gidanmu da asibitin akwai danja uku a kan miƙaƙƙen titi ɗaya, kuma Baba yana alfahari da su kamar shi ya kafa su. Ya daɗe da gano cewa in ka bar ta farko tana buɗewa, ka riƙe arba'in ba ƙari ba ragi, ta biyu za ta buɗe kafin ka isa, ta uku ma haka. Masu gaggawa su wuce shi da gudu, su je su ci birki su tsaya, shi kuma ya zo a hankali ya wuce su ba tare da ya taɓa birki ba. Ranar ma haka aka fara. Muka tsaya a ta farko bayan wata tasi, tasin ta tashi muka tashi. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, ya sa ta huɗu, injin ko tari bai yi ba. Na lura leɓensa yana motsi, na ɗauka addu'a yake yi. Muka wuce danja ta biyu lafiya lau.

Tasin ta kauce ta ɗauki fasinja, sai ya zama babu kowa a gabanmu. Danja ta uku tana nan ja. Na jira ya ɗaga ƙafa kamar yadda ya saba, bai ɗaga ba. Na ce watakila ya san za ta buɗe. Muka matso, tana nan ja, allurar gudu tana kan arba'in daram.

"Baba, ja ce."

"Yanzu za ta buɗe."

"Baba, birki!"

Ya taka, amma mun riga mun shiga tsakiyar mahaɗar. Wata farar motar ɗaukar kaya ta taho daga gefe, tayoyinta suna ƙara, ta tsaya dab da ƙofar da kan Mama yake. Da na miƙa hannu ta taga da na taɓa ta. Direban ya leƙo ya zazzage mana abin da ke bakinsa, har da cewa tsoho ya koma gida ya yi jikoki. Motarmu ta mutu, don Baba ya manta da kuloci. Tunda nake ban taɓa ganin mota ta mutu a hannunsa ba. Sau biyu yana laluben makulli kafin ya tayar.

Mama ta farka tana tambayar me ya faru. Baba ya sa giya, muka ƙarasa asibitin.

Bayan an jona ta da injin wankin, na ja kujera kusa da gadonta. Raina a ɓace yake. Na gaya mata abin da ya faru, ina jira ta yi salati. Sai kawai ta rufe ido.

"Laifina ne," in ji ta. "Da ban yi barci ba."

"Me barcinki ya haɗa da tuƙinsa?"

"Ni nake gaya masa kalar. Tun bara. In rana ta fito ba ya bambance wadda ke ci. In da mota a gabansa sai ya bi ta, in babu sai in ce ja, ko in ce kore. Sauran kuma ƙirgawa yake yi."

Ashe ba addu'a ba ce, daƙiƙoƙi yake ƙirgawa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke gyara robar hannun Mama ta ce ai ranar Talata da yamma aka sauya lokacin danjar nan, saboda makarantar da aka buɗe a kwanar.

"Shekara guda kuna ɓoye mini?" na tambayi Mama.

"In mun gaya miki, aikin za ki bari? Kuma shi in ya daina tuƙi me zai yi? Ya zauna ya zuba mini ido ina kumbura? Kai ni asibitin nan shi kaɗai ya rage masa."

Na so in yi faɗa, amma faɗan ma sai da ƙarfi. Na tashi na fita.

Na same shi a wurin ajiye motoci, ya buɗe bonet yana goge murfin batir da tsumma, alhali babu abin da ya samu batirin. Na tsaya a gefensa.

"Baba, karanta mini lambar waccan motar."

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Ni na koya miki riƙe sitiyari."

"Karanta mini kawai."

Ya juya ya dubi wajen, ya daɗe, sannan ya koma kan tsummansa.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi, "ko madubin wani ban taɓa gogewa ba."

"Na sani, Baba. Amma kan Mama ne a jikin ƙofar."

Ya ninke tsumman. Ya rufe bonet ɗin a hankali, ya danna shi da tafin hannu kamar kullum, don ba ya yarda a sake shi ya faɗi. Muka zauna a kan benci ɗaya awa uku da wani abu muna jiran Mama. Ni ina tunanin yadda zan roƙi shugabar aikinmu ta mayar da ni aikin yamma kwana uku a mako, da yadda ƙafafuna za su ji. Ban san abin da shi yake tunani ba, amma na ji tausayinsa har ya fi haushin yawa.

Da aka sallami Mama muka riƙo ta mu biyu, muka kwantar da ita a baya. Na rufe ƙofa na juyo, sai na ga Baba ya zagaya ɗaya gefen ya shiga ya zauna. Makullin yana kan kujerar direba.

Na tayar, na kai hannu kan giya.

"Ba ta minti guda," in ji shi.

Na ba ta. Muka fita daga asibitin, ya jingina kansa ya rufe ido. Ban yi nisa ba ya ce, "Kin bar injin yana kuka, sa giya ta uku." Na sa. "Cire ƙafarki daga kuloci." Ban san yadda aka yi ya ji ba, amma na cire. Da a da ne da na mayar masa da magana.

Muka hango danjar da ta kusa cinye mu da safe. Na ga ya buɗe ido, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi, leɓensa ya fara motsi, sai kuma ya bari.

"Wace kala ce?" ya tambaye ni.

"Ja ce, Baba."

"To ɗaga ƙafa tun daga nan. Kar ki taɓa birki, bar ta ta gangara da kanta."

Na ɗaga. Motar ta ci gaba da tafiya a hankali, na baya yana ta danna mana oda, ban kula shi ba. Saura kaɗan mu isa layin, fitilar ta koma kore.

"Ta buɗe," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya koma ya jingina. Hannunsa yana kan gwiwarsa, kuma da na canza giya na ga hannun nasa ma ya motsa.