Fulatancin 'Yardada

Ranar da aka sallamo 'Yardada daga asibiti aka dawo da ita gidansu na unguwar Madabo a Kano, hannunta da ƙafarta na dama sun riga sun shanye, bakinta ya ɗan karkace. Mijinta, Malam Mikail, ya karɓi wannan a matsayin ƙaddara. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ciwon ya tafi da Hausarta. Shekara arba'in da ɗaya tana magana da Hausa a gidan nan, da ita ta yi ciniki, da ita ta yi wa 'ya'ya faɗa, amma yanzu in ta buɗe baki Fulatanci kaɗai ke fitowa, yaren da ta zo da shi daga ƙauyensu na bayan Mubi. Gidan kuwa babu mai jin ko kalma ɗaya, kuma Malam Mikail ya san dalili.

Yana saurayi aka tura shi can koyar da Larabci. Ya fara ganinta ne tana kawo wa ƙanenta abinci makaranta. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, shi kuma ba ya jin Fulatanci, sai ya riƙa tsara mata baitocin soyayya da Larabci yana aika mata. Ta yi karatun allo, tana iya haɗa baƙi, saboda haka takan karanta su a bayyane ba tare da ta san me suke cewa ba. Duk da haka ta yarda da shi, iyayenta suka ba shi.

Da ya kawo ta Madabo, ƙannensa mata suka sami abin dariya, domin takan ce wa namiji "ta zo", mace kuma "ya tafi". Abin yana sosa masa rai, shi malamin harshe guda. Bayan haihuwar ɗansu na fari, Nazeer, ya shigo wata rana ya tarar tana yi wa jaririn wasa da Fulatanci. Ya ce mata ba ya so 'ya'yansa su tashi da karyayyar Hausa a yi ta yi musu dariya a unguwa. Sau ɗaya ya faɗa, bai ko ɗaga murya ba. Ta ce to, Malam. Bai sake jin yaren a bakinta ba. Da iyayenta suka rasu zuwa gida ma ya yanke.

A duk shekarun nan bai taɓa ce mata yana sonta da Hausa ba. A kunnensa maganar tsirara take, ba irin ta Larabci ba da mutum zai faɗa ya ɓuya a bayanta. Baitocin kuma ya daina su tun da aka ɗaura aure.

Nazeer yana aiki a Abuja, sai waya. 'Yarsu Nafisa ce ke zuwa kullum daga gidan mijinta a Dukawuya. Kwana biyar suna fama da nuni da hannu, uwar tana maimaita magana ɗaya har ta gaji ta rufe ido. A rana ta shida Nafisa ta tare Nana Hauwa, wata dattijuwa Bafulatana mai tallan nono da ke biyowa ta Goron Dutse da hantsi, ta roƙe ta ta shigo. Fulatancinsu ba iri ɗaya ba ne, amma suna fahimtar juna. Da Nana Hauwa ta gaishe ta, 'Yardada ta damƙe mata hannu da hannun hagu ta yi ta magana har kusan azahar. Ashe abin da take ta nema tun daga asibiti shi ne a cire matashin da ke danne mata wuya, a daina zuba mata sukari a shayi, a juyar da ita ta fuskanci ƙofa.

Daga nan Nana Hauwa ta riƙa biyowa kullum. Nafisa ta koya wa uban yadda zai naɗi muryar uwar a waya in ta yi magana da yamma, da safe a kunna wa dattijuwar ta fassara.

Wata rana Nafisa tana haɗa kwanuka, kanta a ƙasa, ta ce wa uban likita ya ce a riƙa yi wa Inna magana mai daɗi, irin wadda ke taɓa zuciya, ko Allah zai sa wani abu ya dawo, kuma shi ya fi kowa cancanta ya yi. Ba ta jira amsa ba ta fice.

Da gidan ya rage su biyu, ya zauna a bakin gado. Ya fara da Larabci, ya ce uhibbuki, wato yana sonta, ya karanto mata abin da ya tuna na tsofaffin baitocinsa. Idonta yana kan ƙofa. Ya faɗa da Hausa, karo na farko a rayuwarsa, kamar mai ba da shaida a kotu. Ba ta motsa ba. Har Turancin da yakan ji matasa suna faɗa wa juna a waya ya gwada, kunya ta rufe shi shi kaɗai a ɗaki.

Washegari ya tafi Dukawuya wajen Malam Isyaku, Bafulatanin Yola da suka yi koyarwa tare kafin su yi ritaya. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Malam Isyaku ya fara dariya, da ya dubi fuskarsa sai ya haɗiye ta. Ya ce ana cewa mi yiɗi ma, amma mutanensu ba su cika faɗa da baki ba, kunya ba ta bari. Malam Mikail ya maimaita har sau goma, ya dawo gida a ƙafa yana nanatawa a lungu.

Bayan la'asar ya kunna naɗin murya a wayar ya ajiye kusa da matashi. Ya kira sunanta, ya ce, "Mi yiɗi ma."

Ta juyo. Tun da ta kwanta ba ta dube shi haka ba, ido cikin ido. Sai ya ga ta kai hannun hagu ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta yi magana da kaushin murya, sannan muryar ta yi laushi, ta ci gaba da magana mai tsawo hawaye yana gangarowa cikin kunnenta.

Da safe ya tare Nana Hauwa a zaure ya kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ba wani abu ba ne, zafin ciwo ne. Ya ce ya haɗa ta da Allah ta faɗa masa yadda yake, kada ta rage. Dattijuwar ta sauke ƙwaryarta ta zauna.

"Malam, ba ta gane ka ba. Ta ce kai wane ne, ka ji tsoron Allah, ita matar aure ce. Sannan ta ce tun da kana jin yarensu, daga wane gari kake, ko ka san mutanensu. Ta ce mai gidan nan mutumin kirki ne, bai taɓa barinta da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma tun da aka kawo ta ba ta sami wanda za ta yi hira da shi ba. Ta ce in za ka koma, ka faɗa a gida tana nan da rai."

Ya roƙe ta ta shiga ta gaya mata shi ne, mijinta, kuma yana neman ta yafe masa. Ya tsaya a bayan labule yana jin muryoyinsu. Nana Hauwa ta fito ta ce ta faɗa, har sau biyu, amma 'Yardada ta ce mijinta ba ya jin Fulatanci kuma ba ya son a yi shi a gidansa, a rufa mata asiri baƙon nan ya tafi kafin Malam ya dawo.

Tun daga ranar, in ya shiga ɗakin sai ta ja mayafi. Ta daina karɓar abinci daga hannunsa. Ya koma yi mata Hausa zalla ko za ta mayar da shi mijinta, abin bai yiwu ba. Nafisa ce ta ɗauki ciyarwa da juyawa. Shi kuma ya shimfiɗa buzu a tsakar gida daf da ƙofar ɗakin, inda ba za ta gan shi ba, yana bitar kalmomin da Malam Isyaku ke rubuta masa a takarda: ruwa, sanyi, ciwo, haƙuri. Ya haddace sun kai ɗari cikin mako uku, amma in ta yi magana a jere ko ɗaya ba ya kamawa.

Ranar wata Talata bayan azahar Nafisa ta fita sayo magani. Kwana biyu ba wuta, wayarsa a mace. Ya ji numfashinta ya canza, ya shiga. Wannan karon ba ta ja mayafi ba. Ta miƙo hannu ta kama bakin rigarsa, ta faɗi wata gajeriyar magana, kalma uku ko huɗu, ta sake maimaitawa tana dubansa. Ya ce na'am, ya shiga laƙƙana mata kalmar shahada. Kafin a kira la'asar ta cika.

Bayan sadakar uku ya je wajen Malam Isyaku ya faɗi maganar yadda kunnensa ya riƙe ta. Malam Isyaku ya sa shi ya maimaita, ya juya ta nan ya juya ta can, ya gwada kalmomi masu kama da ita, daga ƙarshe ya ce gaskiya yadda ya faɗe ta ba ta zama komai ba, watakila harshensa ne ya karya ta, watakila nata ne ya riga ya yi nauyi. Ya tambayi Nana Hauwa ranar da ta zo gaisuwa, ita ma ta girgiza kai. Nazeer, da ya zo daga Abuja, ya ce a bar maganar haka, addu'a ta fi mata amfani. Malam Mikail ya ce haka ne. Da mako ya zagayo ya nemi ya sake faɗarta, sai ya tarar ba shi da tabbacin da wace kalma ta fara.