Gahawar da Ta Huce a Gidan Abu Za'al

Ustaz Miflih ya tsufa yana koyar da Turanci a garinmu Karak, kuma kowa ya san shi da taurin kai. Ni ɗan ƙanensa ne, na fi kowa shan wahalarsa. Amma tun ranar da muka raka Baturen nan gidan Abu Za'al ban ƙara kushe shi ba.

Mista Holden injiniyan ruwa ne, ya daɗe a cikinmu, har mansaf, shinkafa da namanmu na gargajiya, yake ci da hannu. Shi ne ya buge Awwad, babban ɗan Abu Za'al, da mota, ƙafa ta karye. Samarin gidan suka rantse ko ya bar garin ko su ƙone motar da shi a ciki. Shi kuwa ba ya son barin Karak, a nan matarsa take kwance a maƙabarta. Saboda haka muka tara dattawa muka tafi neman sulhu, Ustaz ne tafinta.

Aka zuba gahawa a finjali, aka miƙa wa shugaban tawagarmu. Ya ajiye ta a ƙasa, don ba a sha sai an biya bukata. Abu Za'al ya dubi Holden ya ce, "Baƙo, kai ka buge ɗana?"

Holden ya yi magana a hankali, kamar mai taka ƙaya. Ustaz ya fassara: "Ya ce ya san hatsari ya faru, kuma ransa ya ɓaci."

Wani saurayi a bakin ƙofa ya ce, "Ya san ya faru? Ai jakinmu ma ya sani!"

Na zunguri Ustaz. "Baffa, don Allah gyara masa maganar mana. Wa ke jin Turanci a nan?"

"Ni ina ji," ya ce. "Rufe min baki."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi. Ga gahawa tana hucewa, ga samari sun fara miƙewa, shi kuwa ya juya ya fuskanci Holden kamar yana cikin aji. Ɗan Turancin da ya ɗura min da bulala ya isa in bi zancen.

"Mista Holden, harshenku yana da kalmar da mutum zai ce ya san da abu, da wadda zai ce ya yarda ya faru, da wadda zai ce shi ya aikata. Duk ni na koya wa yaran garin nan su. Ka ɗauko ta farko. Ta ƙarshen aka tambaye ka."

Holden ya ce a ƙasarsu tun ranar da ka fara tuƙi ake gargaɗinka kada ka taɓa amsa laifi a wurin hatsari. Lauya ma ya ja masa kunne: in ya amsa, ya ɗaure kansa.

"Gaskiya ne, ka ɗaure kanka," in ji Ustaz. "Ban kuma yi maka alkawarin za su kwance ka ba. Amma ba zan sa maka maganar da ba ka faɗa ba a baki. Tsohon nan ya cancanci amsa daga gare ka."

Fuskar Holden ta yi ja kamar tumatir. Tausayinsa ya kama ni. Sai ya miƙe tsaye, ya bar Turancin, ya faɗa da gurguwar Larabcinsa: "Ni ne, Baba. Ina gudu. Ni na karya shi."

Samarin suka zuba wa Abu Za'al ido, kowa yana jiran ya faɗi abin da za a ɗora wa Baturen.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ku sha gahawarku. Ba ma neman komai."

Shugabanmu ya ɗauki finjalin ya shanye, da sanyinta da komai. Ustaz ya fara fassara wa Holden.

Sai Abu Za'al ya ɗaga hannu. "Ya Ustaz, ƙara masa da wannan, kuma kada ka rage komai. Sakaran ɗan nan nawa waya yake latsawa a tsakiyar titi. Ina kan rufin ɗaki, da idona na gan shi."