Motar Sada a Giya Ɗaya

Da Malam Sada ya sayi sabuwar a-kori-kura, bakanike ya ce masa, "Injin sabo ne, ka lallaɓa shi."

Sada ya shekara talatin yana horar da shanun noma, don haka ya ce ya gane. Tun daga Hunkuyi ya saka giya ɗaya, bai ƙara ba. Inji na ta ihu.

Ƙaninsa Ja'afar ya ce, "Yaya, don Allah saka biyu!"

"Ƙyale ta. Bijimi ma haka yake kuka ranar farko."

Sai da jaki ɗauke da rake ya sha gabansu, sannan Sada ya ji kunya ya canja giya. Nan take ihun ya lafa.

Ya shafa sitiyari. "Ka gani? Ta horu."