Kashi na Biyu na Ɗan Shamuwa

"An kawo wuta! Nata'ala, bar gyaran nan ka zo!"

Muryar Inna Adama ce ta kan katanga. Nata'ala ya yar da sifana, ya bar keken mutane a kife a ƙofar gida, ya sunkuci kaset ɗin. Kwana uku ke nan da direban motar Kano ya kawo masa shi, kuma a kwana ukun nan unguwarsu ta Limawa ko ƙyallin wuta ba ta gani ba.

Ya yi sallama ya shiga ɗakin maƙwabcinsa. Baba Barau na kwance a katifa, ƙafarsa ta hagu a kumbure an naɗe da tsumma, ɗakin sai warin magani. Ciwon suga ya cinye masa ido tun bara, yanzu ya koma kan ƙafa.

"Shi ne dai? An rubuta biyu a jiki?"

"An rubuta, Baba. Ga ta nan ɓaro-ɓaro."

Baba Barau tsohon masinja ne, a ofis ya tsinci Turancinsa. Da ya bar aiki ya buɗe gidan kallo a zaurensa, ranar Juma'a da hantsi yakan saka wa yara katun, wato fim ɗin zane, yana fassara musu. Da maganar shari'a ta taso bana dattawan unguwa suka yi masa magana, ya rufe bai yi musu ba. Ya sayar da kaset-kaset ɗin duka, ya bar guda ɗaya tal: na ɗan shamuwar da ubansa ya karye a fiffike. Da kaka ta yi ayari zai tashi, uban ya tura ɗan ya bi su, ɗan ya ce zai dawo da ruwan farko. Fim ɗin ya ƙare uban na tsaye a sheƙa yana kallon sama.

Kowa a layin ya san dalilin da ya sa ya bar wannan kaset ɗin. Jamilu, ɗansu na fari shi da Inna Adama, shekara shida ke nan da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya. Wasiƙa ɗaya, daga nan shiru. Kuma da yake ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin iyayen sun kama sunansa ba, balle su zauna su yi kukansa a gaban mutane. Sai dai ka ji tsohon ya ce, "Ɗan shamuwar nan, ai ya kamata a ce ya juyo." Inna Adama ta amsa daga madafa, "Ai kuwa." Iyakar zancen ke nan. Da tsohon ya ji an ce an yi kashi na biyu, ya bi ya hana Nata'ala sakat.

"To, ni kunne, kai ido," in ji Baba Barau. "Ba ka jin Turanci, ba na gani. Faɗa mini duk abin da ya fito."

Inna Adama ta ce ita ba za ta iya ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ta koma tsakar gida tana tsince shinkafa.

Tun minti na farko Nata'ala ya ga akwai matsala. Kai, wannan wane irin zane ne? Na farko har gashin fiffike kana iya ƙirgawa, wannan kuwa kamar an ba ɗan firamare alli. An ɗora wa ɗan shamuwar wata 'yar hula ja, an haɗa shi da wani kwaɗo mai shegen surutu. Bishiya ɗaya suke ta wucewa, ta wuce ta sake dawowa. Baki na motsi bayan magana ta ƙare. Ba a minti biyar sai an ɓarke da waƙa.

"Me ake yi?"

"Yana... yana bakin teku, Baba. Ya girma."

"Muryar ba tasa ba ce."

"Girma ne, Baba."

Aka yi rabin awa, aka yi awa. Kwaɗo ya faɗa tukunya, aka yi dariya. Aka nemi wata taska a cikin kogo. Sheƙar nan kuwa, da uban da ke tsaye a cikinta, ko inuwarsu ba a nuna ba. Haushi ya turnuƙe Nata'ala, wallahi ji ya yi kamar ya ɗaga talabijin ɗin ya maka da ƙasa. Su waɗanda suka zana abin nan, ba su kalli na farkon ba ne? Ya dubi tsohon, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar, ya ji tausayi ya kama shi.

Da kiɗan ƙarshe ya taso, tsuntsaye na rawa da kwaɗo a kan yashi, Nata'ala ya matso kusa da katifar.

"Baba, ga shi ya tashi. Ga hadari ya haɗo. Ya hango bishiyar... ga uban nan a sheƙa, ya tsufa. Ya sauka kusa da shi."

Baba Barau ya lalubo hannunsa ya riƙe. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce a hankali. "Amma ni ne mai kunnen, ka manta? Awa ɗaya da rabi ina saurare. Ko sau ɗaya bai ambaci ubansa ba."

Hawaye ya gangaro daga idon da ba ya gani, ya shige cikin furfurar gemu.

Inna Adama ta ɗaga labule, faranti a hannu. "Malam, ya ƙare? Ya dawo?"

"Ya dawo," in ji Baba Barau, da irin muryar da yake fassara wa yara. "Da ruwan farko, kamar yadda ya ce."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta saki labulen.

Baba Barau bai ƙara neman kallo ba. Ranar Talata bayan la'asar ya cika, aka kai shi kafin magariba. Nata'ala na cikin masu ɗaukar makara.

Bayan sadakar bakwai, da mata suka watse, Inna Adama ta kira shi ta bakin zaure, tana cikin mayafin takaba.

"Ɗan nan, idan an kawo wuta ka saka mini wurin da ya dawo ɗin nan. Wurin kawai nake son gani."

Nata'ala ya sunkuyar da kai. "Inna, bidiyon ya cinye zaren. Bari in tafi da shi ko zai gyaru."

"To, ka lallaɓa shi."

Ya tafi da shi gonarsa ta bayan gari, inda gero ya fara fitar da kai. Ya fasa kaset ɗin da dutse, ya warware zaren kaf, ya ɗaɗɗaura shi daga kara zuwa kara kamar yadda ake yi don korar tsuntsaye. Ya daɗe a tsaye. Iska na kaɗa baƙin zaren yana walƙiya a rana, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.