Saukowar Mainassara

Tun kafin su wuce gonakin ƙarshe na Dakoro, bayan Mainassara ya fara yi masa magana. Ya gyara zama a kan motonsa, ya ƙara wuta, ya yi kamar bai ji ba. A gabansa samarin fadar 'yan kabu-kabu sun jeru cikin rairayi, wannan da jarkar esansi, wato fetur, ɗaure a baya, wancan da butar shayi da tabarma, suna ta danna hon kamar masu kai amarya. Shi kaɗai ne mai furfura a cikin masu tuƙi.

Ɗangoggo, shugaban fadar, shi ya kawo wannan fitinar. Ya ga wani dutse a wayarsa, can bayan Buza a ƙasar Adar, aka ce masa iskar kansa sanyi gare ta ko da tsakar rana. Da aka gama yankan gero, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai ya ce fada za ta je shan iska. Mutanen da suke wuni a kan moto don neman abinci, wai hutunsu shi ne su sake hawa moto su yi tafiyar da ta fi ta kullum nisa. Mainassara da kansa ya faɗi haka, ya kuma yi dariya. Amma da ya ji an ce tafiyar ba ta tsofaffi ba ce, shi ya fara zuba mai a tanki.

Abin da ya sa kuwa, sau biyu ya faɗi a bana. Na farko da wata Bafillatana da ƙwaryar nononta, na biyu da ragon wani dillali a bakin kasuwa, mutane suna kallo. Tun daga nan matarsa Baraka ta sa shi a gaba, wai ya ajiye moto ya zauna a rumfar hatsin ƙanenta. Da safen nan ma ta tare shi a bakin zaure.

“Malam, tunda ka ce ƙarhinka na nan, to ga hanya. In ka tahi ka komo ba ka hwaɗi ba, ba ni ƙara yi maka magana. In ka hwaɗi ko sau guda, makulli ya zo hannuna.”

Ya amsa mata, har da rantsuwa, a gaban amininsa Rhissa. Shi Rhissa Buzu ne, dillalin dabbobi, ba ya tuƙi, amma ya ce tunda shi ne shaida dole ya gani da idonsa. Ga shi can a bayan Amiru, ya naɗe fuska da rawani, ya riƙe ƙugun yaron kamar wanda aka ɗora wa raƙumin da bai sani ba.

Amiru ɗan farin Mainassara ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ma ɗan kabu-kabu. Saboda kunyar ɗan fari, uban bai taɓa kiran sunansa ba, ba su kuma taɓa zama sun yi hira ba. In magana ta kama, ta bakin Baraka take bi, ko ta bakin Rhissa. Yau dai tun fitowarsu Amiru yake bayan uban, ba ya wuce shi, ba ya kuma bari tazara ta yi yawa. Mainassara yana ganinsa a madubi, abin yana ba shi haushi.

A cikin rairayi ba a koya wa Mainassara komai. Inda samari suke tangaɗi suna sauke ƙafa, shi yakan koma baya kaɗan a kan kujera, ya saki hannu ya bar moton ya nemi hanyarsa. Sai dai jiki magayi. Kafin azahar gwiwarsa ta hagu ta kumbura, yatsunsa sun yi tsami, kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Da suka tsaya salla a wani ƙauye, da ƙyar ya tashi daga sujada.

“Tsoho, ƙashinka na kuka kamar ƙohwar langa-langa,” in ji Rhissa.

“Kai da anka goyo kamar buhun gawayi, mi ka sani?”

“Na san wanda anka goya ba shi hwaɗuwa shi kaɗai.”

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. Rairayi ya ƙare, jar tsakuwa ta karɓa, sai ga duwatsu sun tsaya a gabansu, baƙaƙe, masu shimfiɗaɗɗen kai. Wata siririyar hanya ce ta hau wanda suka zo dominsa, tana lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu. Suka hau ta a guje suna ihu. Hawa bai ba kowa wahala ba, wuta ce kawai, kuma ɗan Dakoro ba a bar shi a baya ba wajen ba da wuta.

A can sama kuwa Ɗangoggo bai yi ƙarya ba. Iska ce mai sanyi, mai tsabta, tana zuwa ba tare da ko ƙwayar ƙasa ba. Ƙauyuka sun zama ƙanana a ƙasa, rumbuna kamar an kife ƙore. Samari suka hura gawayi, suka ɗora shayi, suka shiga ɗaukar hoto, kowa yana tsayawa a bakin dutse yana ɗaga yatsu. Mainassara bai kalli komai sosai ba. Ya sami inuwar wani dutse, ya cire takalmi, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa.

Barci ya kwashe shi. Rabonsa da barcin rana tun kafin ya sayi motonsa na farko, lokacin Amiru yana rarrafe. Ba wanda ya kira shi, ba mai kaya, ba mai haƙuri da za a kai likita, ba dillalin da ke sauri. Da ya farka an riga an sha shayi na uku, ya tarar an lulluɓe masa ƙafafu da wata riga. Ya gane rigar, ta Amiru ce. Ya ninke ta ya ajiye a kan dutse. Daɗin barcin nan ya ba shi tsoro, don bai san haka ya gaji ba.

La'asar ta yi, aka ce a sauka. Ɗangoggo ya shige gaba kamar yadda ya saba. Ba a jima ba suka ji shi yana salati da ƙarfi, suka ga moton yana ƙara gudu maimakon ya rage, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa. Allah ya taimake shi, a lanƙwasar farko wata ƙaya ta tare shi. Aka jawo shi daga ciki, wando a yage, gwiwa tana jini.

“Birki!” yake ta faɗi. “Na taka, babu komi!”

Sai kowa ya koma kan motonsa yana taka nasa, aka shiga kallon juna. A Dakoro birki ado ne. In kana son tsayawa sai ka saki wuta, rairayi ya riƙe ka. Mutum zai gyara fitila, ya sa wa kujera sabuwar fata, ya liƙa madubi har uku, amma ba zai kashe ko dala a kan birki ba. Sun duba mai, sun duba taya, sun taho da sukari da na'ana'a, ba wanda ya tuna cewa abin da aka hau sai an sauko. Na Amiru kaɗai ke kamawa sosai, don motonsa sabo ne. Na Mainassara kuwa, tun damanar bara sandarsa take ɗaure da waya.

Aka yanke shawara a kashe injin, a turo motocin da ƙafa, mutum biyu a kan kowane, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya ja ta baya. Amiru ya matso kusa da Rhissa, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon takalminsa, ko da yake uban yana tsaye a wurin.

“Baba Rhissa, ka ce mashi shi bari in sauko mashi da moton.”

“Ka ji,” in ji Rhissa. “Kuma ni shaida ne, turi ba hwaɗuwa ba ne. Haka zan hwaɗa ma Baraka.”

“Ka ce ma yaron nan shi riƙe nashi,” in ji Mainassara. “Ni ban taɓa tura moto ba shina da mai.”

“Mainassara, wanga dutse ne, ba tudun rairai ba.”

“Na gani.”

Ya sa takalmi, ya hau, ya tada injin. Ya san abu guda, in ya bar moton a bitesi ta ɗaya, wato giyar farko, bai taɓa komai ba, injin da kansa zai riƙe shi. Saura kuma na Allah ne. Ya yi bisimilla ya saki.

Injin ya ɗauki kuka kamar zai fashe. Tsakuwa tana gudu a ƙarƙashin taya, kan moton yana fizgar hannunsa. Ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa, gwiwar nan ta hagu ta amsa masa har cikin kwanya. A lanƙwasar farko ya wuce ƙayar Ɗangoggo da kamar taki guda. A ta biyu takalminsa ɗaya ya tafi, ya ci gaba da jan tafin ƙafa a kan dutse. Ramin yana hagunsa, bai kalle shi ba, amma yana jin sa kamar yadda ake jin mutum a tsaye a bayanka. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, addu'ar ma ta ƙi fita. A bayansa yana jin wani injin, kusa ƙwarai, ya san ko na wane ne.

Bai san yadda aka yi ba, sai ya ji hanya ta kwanta. Tayar gaba ta shiga rairayin wani busasshen rafi, moton ya tsaya da kansa. Ya kashe injin, ya dasa ƙafafu a ƙasa. Bai faɗi ba.

Daga can sama ihu ya ɓarke, samari suna kaɗa huluna. Amiru ya tsaya a gefensa, Rhissa ya sauko daga bayansa yana gyara rawani, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro moto. Mainassara ya so ya sauka, amma yatsunsa suka ƙi sakin kan moton. Ya zauna a haka yana huci, jini yana ɗiga daga tafin ƙafarsa.

Sannu a hankali sauran suka iso suna turi, gumi sharkaf. Ɗangoggo ya zo yana ɗingishi, ya ɗaga masa hannu biyu.

“Baba, mun bi! Wallahi wanda ya ƙara cewa ka tsuhwa, da ni za shi yi. Kai da moto sai mutuwa!” Ya share fuska. “Af, na manta. Wani Alhaji dillalin raguna ya kira ni muna sama. Gobe kasuwar Badar Gula, ya ce kai yake so, tun da asuba, sawu biyu.”

“Shi ke nan, ka ci,” in ji Rhissa. “Baraka ta rasa makulli.”

Mainassara ya gyaɗa kai. Ya jira farin ciki ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo masa shi ne hanyar Badar Gula, rami bayan rami, da rago ɗaure a bayansa yana harbin ƙugunsa. Bayan gobe akwai jibi, bayan jibi akwai wata kasuwar. Ya rantse, ya kuma ci, yanzu ba mai sake ce masa ya huta. Shi kuwa bakinsa ba zai iya furta cewa ya gaji ba, ba ga Baraka ba, balle a gaban yaron nan. Ya ɗaga kai ya dubi dutsen, rana ta fara jan baya daga kansa.

Samari suka watse, kowa yana duba motonsa. Daga shi sai Rhissa sai Amiru, wanda ya koma da ƙafa ya tsinto takalmin, ya tsaya riƙe da shi.

Yatsun Mainassara suka saki. Ya ɗaga ƙafarsa ta dama daga ƙasa, a hankali, ya ɗora ta a kan matakin. Moton ya tsaya kaɗan kamar yana tambayarsa, sannan ya karkata. Suka kwanta tare a cikin rairayin, ba ƙara, ba gaggawa. Tayar gaba ta ɗan juya ta tsaya.

Amiru ya yar da takalmin, ya ɗaga moton daga kan ƙafar uban. Ya duba hagu, ya duba dama, ba wanda ya lura. Ya durƙusa, ya yi magana da uban kai tsaye.

“Baba, tashi maza. Ban gani ba. Baba Rhissa ma bai gani ba.”

Rhissa ya ja rawani ya rufe baki, yana kallon amininsa. Bai ce ya gani ba, bai ce bai gani ba.

Mainassara bai tashi ba. Rairayin da ɗumi, bayansa ya sami wurin da yake so. Ya miƙa hannu ya zare makullin, ya riƙe shi a sama, idonsa a kan Rhissa.

“Ka ce ma yaron nan ya gani. Kai ma ka gani.”

Amiru ya daɗe a durƙushe. Sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.