Ɗakin da Iska Ba Ta Shiga

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye gonar Tukur magini, ba abin da ya rage masa sai hannu biyu da matarsa Asabe. Da aka ce wani Bature injiniya, wanda ɗakin kwano ya gasa kamar tsire, yana neman mai gina masa ɗakin ƙasa a Maradun, Tukur ko fuska bai tsaya wankewa ba. In aikin ya karɓu, ya zauna gida. In bai karɓu ba, sai cin rani da furfurarsa.

Bayan doguwar gaisuwar da Baturen ya amsa da ka, tafinta Abdulmumini ya ce, "Baba, shina son ɗakin da iska ba ta shiga."

"Wace iska?"

Abdulmumini ya tambaya. Baturen ya ware hannuwa.

"Ya ce duka."

Tukur ya koma gida kai a ɗaure. Asabe kuwa ba ta ga abin ruɗewa ba.

"Malam, mutumin da ya nutsar da tsamiyoyi da kukoki, ina kake so masu zama cikinsu su kwana? Biyo shi suka yi."

Sai Tukur ya yi wa kowace iska shiri. Ya ɗaga bango mai kaurin kamu biyu, ya rufa da azara, ya yaɓe kowace tsaga kamar rumbun da ake tsoron ƙwari. Sannan ya karɓo laya, ya cusa a saman ƙofa.

Ranar dubawa, da tsakar rana, ɗakin sanyi kamar cikin randa. Baturen ya rufe ƙofa, ya kunna taba, ya bi kusurwa kusurwa yana kallon hayaƙin.

"Turare yake musu?" Tukur ya raɗa.

"Baba, ni ma ban sani ba."

Hayaƙin ya miƙe sak. Baturen ya yi murmushi, ya ce a ƙara huɗu irinsa. Sai kuma ya ɗauki alli, ya zana da'ira biyu a bango, ɗaya ƙasa, ɗaya sama.

"Ya ce ka huda nan da nan, iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan."

"Wadda muka hana?"

"A'a, wai mai kyau."

Tukur ya dubi bangon, ya dubi Baturen, ya huda. Aiki dai ya samu.

Da Asabe ta ji, ta ce, "Shi da iskokin sun shirya ke nan."

Tukur bai cire layar ba. Ya dai ɗan gusar da ita gefe, don mai kyau ta samu hanya.